Giwayen Ogowe da Saƙon Ƙofar Marke

Abu na farko da ƙasar Gabon ta yi mini shi ne ta rufe wa kyamarata ido. Ina fitowa daga sanyin filin jirgin Libreville na zaro ta daga jaka don in ɗauki wata bishiyar kwakwa, sai na ga gilashin ya yi fari fat kamar an hura masa tururi. Na goge da gefen riga, ya sake rufewa. Mu a Sakkwato mun san zafi, balle a watan Afrilu da na baro ta, amma namu busasshe ne, ya gasa ka ya bar ka. Na can kuwa manne maka yake yi kamar jiƙaƙƙen bargo.

Sunana Nasiru. Malamin ilimin halittu ne ni a wata sakandare, kuma a lokacin na shekara goma sha takwas ina zana wa ɗalibai kurmi a allo da alli, alhali ban taɓa sa ƙafa cikinsa ba. Ranakun Asabar nakan tafi fadamar Rima in ɗauki hoton belbela da zalɓe da kirinjijiya, har masu noman albasa suka sa mini suna Mai-hoton-tsuntsu. Shekara uku ina tanadi don in yi hutu guda a kurmi na gaske, in ga aku yana tashi a sarari ba cikin keji ba, in ga giwa, in dawo da hotunan da na ɗauka da hannuna.

Wanda ya shirya mini tafiyar wani ne mai suna Siril, a intanet muka haɗu. Na tura masa mafi yawan kuɗin tun ina gida. Ya kuwa zo tarbata, cikin riga mai aljihu da yawa, yana Turanci mai daɗi. Shi ya ɗaukar mini jaka, ya kai ni masauki, har da gargaɗina a kan sauro. Washegari ya sa ni a motar Lambarene, wani gari da ke bakin babban kogin Ogowe, ya ba ni takarda mai hatimi biyu ya ce, “Mutumina yana jiranka a bakin ruwa da farin jirgi. Shi zai kai ka sansaninmu a cikin daji.” Har yau in na tuna yadda ya riƙe hannuna da hannu biyu yana mini fatan alheri, sai in rasa irin zuciyar da ke cikin wasu mutane.

A hanya ban zauna daidai ba. Bishiyoyi ne hagu da dama, dogaye har sai ka karya wuya kafin ka ga ƙarshensu. Fasinjoji na ta dariya don na zura kai ta taga kamar ɗan akuya a motar kasuwa. Ban damu ba. Abin da na daɗe ina zanawa ne yake wucewa a gabana.

Na isa bakin ruwan Lambarene da azahar, na zauna bisa jakata har rana ta yi ja. Fararen jirage sun zo sun tafi, babu nawa. Na kira Siril, waya a kashe. Daga ƙarshe na miƙa wa wata mai sayar da kifi takardar. Ta karanta, ta kira wasu, suka yi ta magana da Faransanci, wanda ban san komai cikinsa ba sai gaisuwa. Sai wani dattijo mai ɗan Turanci ya dube ni da tausayi ya ce, “Wannan sansanin an daɗe da rufe shi, rufinsa ma ya faɗa. Ba kai ne na farko ba.”

Kwana uku na yi a wani ɗan ɗaki a bayan tashar mota. Abin da ya rage a aljihuna ba zai ɗauki hayar jirgin ruwa ba, kuma jirgin saman komawata gida sai bayan kwana goma. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, ashe tsakiyar damina Siril ya kira ni. Na wanke riga na shanya, kwana biyu ba ta bushe ba, sai ma wari da ta fara. Na shiga kasuwa neman abinci na ga an baje biri da kada da wasu namun da ban san sunansu ba, sai na koma ga biredi da kifin gwangwani safe da yamma. Hoton da na samu a kwanakin nan na hankaka ne a kan bola, irin wanda ke bayan mahautar garinmu sak. Na dubi hoton na ce wa kaina, Nasiru, ka tsallake ƙasashe don ka ɗauki hankaka.

Abin da ya fi damuna ba yunwa ba ce, rashin sarari ne. A gida in ka fita bayan gari kana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa. A can duk inda ka duba ganye ne ya tare ka. Na yi kewar fura mai sanyi, na yi kewar inuwar dogon yaro a Sama Road inda nake tsayawa shan rake in na taso makaranta. Maiɗakina ta kira, na ce mata komai lafiya, giwaye har sun gundure ni.

Ranar Juma'a na ji kiran salla daga nesa, na bi sautin har wani ƙaramin masallaci mai koren fenti. Bayan an sallame sai kunnena ya tsinci Hausa, irin ta mutanen Kamaru. Na matsa wurin wani mai tsire na gaishe shi, na fara ba shi labarina kamar wanda aka kwance wa baki. Ina cewa, “Tun da munka rabu da shi a tasha ban ƙara jin muryatai ba,” sai na ji an damƙe mini hannu ta baya.

Wani dogon tsoho ne, siriri, da farin gemu da tsohuwar hula. Idonsa a kaina kamar ya ga fatalwa.

“Sake hwaɗi,” in ji shi.

“Me zan sake, Baba?”

“Munka. Sake hwaɗin munka.” Bai jira ba ya ce, “Kai Basakkwace na. Wace unguwa?”

Na gaya masa. Ya saki hannuna ya dafe ƙirjinsa. “Ni ɗan Ƙohwar Marke na. Sidi sunana. Tashi mu tahi gida, ba a barin Basakkwace bakin titi.”

Baba Sidi ɗan gidan dukawa ne. Ya baro gida yana saurayi da jakunkunan fata da layu a buhu, ya bi ta Kamaru yana sayarwa har ya tsinci kansa a Lambarene. Ya fi shekara arba'in a can. Yana da shagon raga da ƙugiya da kayan injin jirgi, ya auri 'yar garin, Mama Odet, mace gajera mai yawan dariya. Da ta ji daga inda nake sai ta shige madafa. Can sai ga tuwon masara da miyar kuka. Kukar ta daɗe, daddawar kuma babu, amma da na kai loma ta farko sai da na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

“Ni nik koya mata,” in ji Baba Sidi. “Shekara biyar tana ɓata min kuka kahin ta iya.”

Mama Odet ta ce da 'yar Hausarta, “Ƙarya ne. Shi bai iya dafa ruwa ba.”

Na nuna masa takardar Siril. Ya juya ta gaba da baya ya ajiye. “Wanga ya wuce, bar shi da Allah. Mi kaz zo nema?”

Na ce aku da giwa.

Ya yi dariya har da tari. “Aku da giwa! Garba!” Babban ɗansa ya leƙo, ƙaƙƙarfan mutum mai kimanin shekara talatin da biyar, masunci, mai jirgin kansa. Suka yi magana da Faransanci. Garba ya ce dangin uwarsa suna da ƙauye a bakin wani tafki, tafiyar yini guda a ruwa, kuma giwaye na damunsu a gonakin ayaba. Zai kai ni in na sayi man inji. Sai Baba Sidi ya ce shi ma za shi. Mama Odet ta yi faɗa, ta ce ƙafafunsa na kumbura, rabonsa da tafkin shekara shida. Ya ce, “Baƙona na. Ko za a ɗauke ni a kai sai na tahi.” Da safe ta haɗa mana guzuri, har da ƙullin shinkafa da barkono, tana ta yi masa mita.

Ban san dalilin nacinsa ba sai da muka hau ruwa. Tun da Garba ya tada inji Baba Sidi ya matso kusa da ni ya fara tambaya. Tsohuwar kasuwa tana nan? Har yanzu ana jimar fata a bayan ganuwa? Wane mai waina yana da rai? Wane liman fa? Yawancin waɗanda ya ambata ban san su ba, waɗanda na sani kuma sun rasu. Duk wanda na ce ya rasu sai ya ce, “Allah shi gahwarta mai,” ya kawo wani.

Ni kuwa idona na kan ruwa. Mun bar babban kogi mun shiga wani siririn rafi da bishiyoyi suka haɗe a samansa, ruwan baƙi kamar shayi. Garba ya kashe inji yana tuƙi da filafili. Ga birai na tsalle, ga wani shuɗin tsuntsu mai kamun kifi a kan reshe, kusa har ina ganin ƙwayar idonsa. Na ɗaga kyamara a hankali.

“To gidan Sarkin Dukawa hwa, an rushe shi?” in ji Baba Sidi da ƙarfi.

Tsuntsun ya tashi. Haka aka yi da wani kada da ke shan hantsi, haka aka yi da garken kwasakwasa. Garba na cewa, “Baba, shhh,” shi kuwa sai ya rage murya na minti ɗaya ya manta.

Washegari da sassafe Garba ya kai mu wani tsibiri mai bishiyoyin kwakwar manja inda aku ke kwana. Tun kafin mu isa na ji su, fito da kururuwa kamar 'yan makaranta an tashi tara. Sai ga su, toka-toka da jan wutsiya, sun fi a ƙirga, suna sauka suna ɓare 'ya'yan manja da baki. Na ɗaga kyamara. Biyu suka sauko reshe na ƙasa, haske ya faɗo musu daidai. Na riƙe numfashi.

“Nasiru, wai har yanzu in anka yi ruwan farko...”

Suka watse gaba ɗaya.

Na juyo na ce, “Haba Baba! Don girman Allah ka yi shiru! Shekara uku ina tanadin wagga tahiya, ba hira niz zo yi ba!”

Ban taɓa ɗaga wa sa'an ubana murya ba sai ran nan. Garba ya kau da kai. Baba Sidi ya dube ni, ya ce a hankali, “Gaskiyarka, ɗana. Yi haƙuri.” Ya ja jiki ya koma ƙarshen jirgi ya zaro carbi.

Akun suka dawo, na ɗauke su yadda nake so. Hotunan sun yi kyau ƙwarai, amma ko yanzu ba na son kallonsu sosai.

A hanyar komawa ƙauyen ruwa ya kece. Ban taɓa ganin irinsa ba, kamar ana juye randa. Na cusa kyamara cikin leda na rungume ta a ciki, amma da muka isa na kunna sai ta yi ƙyaf ta mutu. Na canza batir, shiru. Na zauna a ƙofar bukka da ita a cinya, ga cizon ƙudan tsando ya kumbura mini wuya, ga ƙafafu sun yi fari saboda jiƙa, na ji kamar in yi kuka. Baba Sidi bai ce mini komai ba tun safe. Sai ya tashi ya ɗauko ƙullin shinkafar Mama Odet, ya karɓi kyamarar, ya cire batir da kati, ya binne ta a ciki ya ɗaure.

“Haka Garba ka yi ma wayatai in ta hwaɗa ruwa,” ya ce. “Ba ta kwana biyu. Mu ci ayaba.”

Saboda haka a rana ta uku ba ni da kyamara, ba mu da shinkafa. Na same shi zaune a kan wani kifaffen kwalekwale a bakin tafki, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Sai na ɗauki tsinke na share yashi na ce, “Baba, ga Ƙofar Marke nan. Taso mu zaga gari.”

Yini muka yi a kan yashin nan. Na zana masa titunan da aka fasa bayan tafiyarsa, da unguwannin da a zamaninsa gonakin gero ne. Shi kuma yana gyara mini, yana nuna inda rijiya take da, inda wata tsamiya take, inda suke wanka a gulbi in ruwa ya kawo. Ya san lungunan da ni da nake zaune a garin ban sani ba. Mutanen ƙauyen suka kewaye mu suna kallon manya biyu na gardama a kan zanen yashi.

Da la'asar na tambaye shi abin da ke raina. “Baba, me ya hana ka komawa?”

Ya ce, “Shekara biyu nic ce zan yi. Ina cikin ta ukku baba yar rasu, ban ji ba sai bayan wata takwas, bakin wani mai goro. Nic ce da wace huska za ni shiga gida? Bari in ƙara samu tukuna. Sai inna ta bi shi. Daga nan kowace shekara kunyar ƙara nauyi takai. Sai ɗiya, sai shago. Ka ga yadda shekara arba'in ka wucewa, ba ka ji ƙararta ba.”

Na ce ba wanda ya rage?

“Akwai autarmu, Kulu. Tana da shekara tara nib bar ta. Ni ka goya ta in kai ta kallon gulbi. Ban sani ba ko tana da rai. Na sha samun masu zuwa gida, in buɗe baki in aika, sai tsoro shi kama ni. In ba a gaya min ba, tana nan.”

Rana ta huɗu ita ce ta ƙarshe, don man inji ya kusa ƙarewa. Bayan sallar asuba na kwance ƙullin shinkafa, na hure kyamarar, na sa batir da kati, na yi bisimilla. Ta kunnu. Baba Sidi ya ɗaga hannu sama, Garba ya yi tafi.

Wani manomi ya ce giwaye sun kwana a gonarsa, kuma da hantsi sukan tsallaka wani rafi su koma daji. Garba ya kai mu can ya ɓoye jirgin cikin ciyawar ruwa. Na yi ƙoƙarin kafa ƙafar kyamara, amma jirgi na lilo, ba ta tsayuwa. Dogon gilashina kuwa nauyi gare shi, ga wurin da duhun inuwa, ko yaya hannu ya motsa hoto ya lalace. Baba Sidi ya lura. Ya sauko ya zauna a gabana ya ba ni baya, ya bubbuga kafaɗarsa.

“Ɗora nan.”

“Baba, da nauyi.”

“Na ɗauki buhun hwata daga Garwa ta Kamaru har iyaka. Ɗora.”

Mun fi awa guda a haka. Ƙudaje na cizonsa a wuya ina gani, bai kore su ba, bai ce uffan ba. Ina jin ƙashin kafaɗarsa a ƙarƙashin gilashin, ina ganin zufa na bin bayan kunnensa.

Babu ƙarar da ta sanar da zuwansu. Ganye kawai ya buɗe, sai ga ta. Giwar kurmi ba ta kai ta hotunan littafi girma ba, jikinta ja-ja saboda laka, haurenta siriri ya miƙe ƙasa. Ta tsaya ta ɗaga hanci tana shinshina iska. Sai ɗanta ya fito ta tsakanin ƙafafunta, bai fi ɗan maraƙi ba. Ta shiga ruwa, shi kuma ya tsaya a gaɓa yana taɓa ruwan da ƙafa yana ja da baya. Ta juyo ta zagaye shi da hanci ta tura. Ya faɗa, ya nutse, sai ɗan hancinsa kaɗai a sama kamar tsinken rake, yana bin uwarsa.

A tsakiyar rafin ta tsaya ta juyo ta dube mu sosai, ta baza kunnuwa. Tsakaninmu bai fi tsawon aji biyu ba. Na ji Garba ya ɗora hannu a kan igiyar inji. Na san in ta taso ba inda za mu. Amma kafaɗar da ke ƙarƙashin kyamarata ko motsi ba ta yi ba, tsohon ya ɗauke numfashi ɗungum. Na danna sau uku. Ta kaɗa kai, ta juya, suka haye suka shige ganye.

Sai a lokacin Baba Sidi ya saki numfashi ya ce, “To, yanzu ina iya magana?”

Muka yi ta dariya har jirgin ya kusa kifewa. Na nuna masa hoton a bayan kyamara, tas, har ɗigon ruwa a gashin idonta. Ya daɗe yana kallo. “Shekara arba'in ina ƙasarsu,” ya ce, “ban taɓa tsayawa na dube su ba.”

Ranar da zan bar Lambarene ya ce in ɗauke shi hoto. Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito cikin wata babbar riga shuɗiya da ta koɗe a wuraren ninki, tana warin akwati. Ya zauna a kujera a ƙofar shago, Mama Odet na gyara masa hula. Bayan na ɗauka ya riƙe hannuna ya ce, “In ka ishe Kulu, ba ta hoton. In ba ka ishe ta ba, kak ka gaya min. Ce min kana nema.” Garba ya raka ni tasha, Mama Odet ta cusa mini soyayyen kifi a jaka.

Da na dawo gida na wanke hotunan giwa da aku na manna a ɗakin gwaje-gwajen makaranta, suna nan har yau. Na Baba Sidi kuwa na sa a ambulan na nufi Ƙofar Marke. Gidansu an raba an sayar. Sati biyu ina yawo bayan an tashi makaranta, kafin wani tsohon baduku mai ɗinkin takalma ya ce, “Kulu ƙanwar Sidi da yab ɓace? Tana Unguwar Rogo, tana ƙuli-ƙuli.”

Na same ta a tsakar gida tana matsar tunkuza, mace mai jikoki, doguwa siririya. Na yi sallama daga zaure, aka ce in shigo, na gaisa, na miƙa mata ambulan. Ta goge mai a zane ta zaro hoton. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta.

“Ina kas samu hoton babanmu?” ta ce. “Baba bai taɓa yin hoto ba.”

Na ce, “Inna, ba baba ba ne. Sidi ne. Yana da rai, da shi na ci tuwo watan jiya.”

Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Na kira lambar Garba, aka kai wa tsohon, na miƙa mata wayar na fita zaure. Na daɗe ban ji komai ba, har na ɗauka layin ya yanke. Can na ji muryarta tana cewa: “Sidi, kai na? To ina ka shiga?” Daga nan ban ƙara saurare ba.

Shekara biyu suna waya kowace Juma'a. Kullum yana cewa zai zo in ƙafa ta yi sauƙi. Ƙafar ba ta yi sauƙi ba. Wata Talata ina cikin aji Garba ya kira ni, da na ji ya fara da salati na san abin da ya faru.

Ni na kai wa Inna Kulu labari. Ta yi kukanta, sannan ta sa aka share ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi, ta aika Ƙofar Marke a sanar. Na ce mata zan dawo da yamma in yi gaisuwa. Ta ce, “Ina za ka? Maza na zuwa ta'aziyya, ba ni da wani ɗan'uwa namiji. Kai kag gane shi da idonka, kai kac ci abinci da shi. Kai za ka zauna.”

Na cire takalmi na zauna. Kwana uku mutane na zuwa, tsofaffi 'yan kaɗan da suka san shi yana saurayi, da masu yawa da ba su taɓa jin sunansa ba sai ran nan. Kowa ya durƙusa a gabana ya ce ya haƙuri, in ce da godiya. A rana ta uku wani dattijo ya gama addu'a ya shafa, ya dube ni ya ce, “Malam, ban gane ka ba. Kai mi nai na?”

Na buɗe baki zan fara bayanin jirgi da kyamara da giwa, sai na ga abin da tsawo.

Na ce, “Ɗansa ne.”